Awon Bakin Joda

"Kada ka motsa. Ja numfashi ta hanci," in ji Babakura. "In ka yi mini amai a zaure, ranar Laraba sai na kai ka kara na sayar."

Joda bai iya ba da amsa ba. Bakinsa cike yake da wani ƙaramin tire na ƙarfe mai lanƙwasa, wanda aka lafta wa kwaɓin aljinet, garin ɗaukar awon baki, yatsun Babakura biyu kuma suna danne da shi a ganɗarsa. Kwaɓin yana da sanyi da ƙamshin na'ana'a, yana neman gangarawa maƙogwaro. Yawu na zuba a kan tsohon tawul ɗin da aka ɗaura masa a wuya. Shekara talatin ke nan suna maƙwabtaka a Hausari, katanga ɗaya ta raba gidajensu, amma yau ne karo na farko da Babarbaren ya yi masa tsiya bai rama ba.

"Aisa!" Babakura ya ƙwalla wa matarsa kira. "Zo ki ga abin al'ajabi. An samu Bafulatanin da ya yi shiru."

Daga tsakar gida aka ji muryarta: "Ka dai yi a hankali, Malam. Tun ɗazu kake tsaye."

Babakura ya danna farcensa a kan ragowar kwaɓin da ke cikin kwanon roba. Ya riga ya daskare, ya koma fari daga launin hoda. Ya ɗaga leɓen Joda, ya sa iska ta shiga ta gefe, ya fizgo tiren sau ɗaya. Ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya gyara tabarau.

"Zo ka ga bakinka, Fulata."

Joda ya goge haɓa ya leƙa. Ga ramukan turamensa a jere, ga na fiƙoƙi, ga kuma fili a gaba inda haƙora huɗu suke a da. Har 'yan layukan ganɗa sun fito.

"Kamar sawun saniya a laka," ya ce, yana kare baki da hannu.

"Sawun saniya! Aikin shekara talatin da biyar ne kake kira sawun saniya. Miƙo mini gwangwanin filasta."

Joda ya juya zai ɗauko, sai ya ji ƙarar benci. Da ya waiwayo, Babakura ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, bakinsa a buɗe yana neman iska. Tiren yana hannunsa, ya ɗaga shi sama don kada ya taɓa ƙasa. Joda ya karɓe shi. Matarsa, Ya Aisa, ta fito ba mayafi. Maƙwabta biyu suka tsayar da keke napep a bakin titi, aka ciccibi Babakura aka sa a baya, ita ta zauna tana tallafe da kansa. Babu wurin mutum na uku. Keken ya bi ta bayan masallaci ya ɓace.

Joda ya tsaya a zaure shi kaɗai, da awon bakinsa a hannu.

Ya taɓa abin da yatsa. Ɗanye ne, yana da danshi, yana lotsawa. A iya sanin Joda, duk abin da yake ɗanye rana ce ke gyara shi: tubali, fata, kilishi, sabuwar tukunya. Ya zaga gidansa, ya share kan katanga, ya ajiye tiren inda ranar bazara ta fi dukan wurin, ya tokare shi da dutse don kada kaji su ture.

Babakura mai haɗa haƙora ne. Ya yi aiki a sashen haƙori na asibitin gwamnati har ya yi ritaya, sannan ya dawo da aikin zauren gidansa: tebur ɗaya, kujerar katako mai dogon baya, risho, da kwalaye cike da haƙoran roba a jere bisa launi. A kusurwa akwai randa a kan jiƙaƙƙen yashi, wadda ba a shan ruwanta. Ta aiki ce. Ya sha gaya wa mutane cewa a zafin Potiskum, wanda ya kwaɓa aljinet da ruwan tanki, kafin ya kai shi bakin mutum ya daskare a kwano. Ruwan randa ke ba mai aiki sarari. Direbobin tirela da suka bar haƙora a kan sitiyari, tsofaffin da suka gaji da kunu, amaren da giɓi ya hana dariya, duk sun zauna a kujerar nan. Ba ya cire haƙori, ba ya ba da magani. Wanda ya zo da ciwo sai ya tura shi asibiti, ya ce in an warke a dawo.

Joda kuwa dillali ne a kara, kasuwar shanu. Sana'arsa ma ta haƙora ce: ya ɓare leɓen sa, ya duba, ya faɗi shekarunsa, ba a musu. A farkon rani ana loda wani bijimi a tirela, ya juyo da kai, gindin ƙahonsa ya sami Joda a baki. Da ciwon ya warke ya koma kara sau ɗaya. Ya buɗe baki zai yi ciniki, maganar ta fito da fito kamar na buta. Wani mahauci ya kwaikwaye shi. Wani kuma ya ce a ɓare leɓen Joda a duba, da alama ɗan maraƙi ne, bai yi haƙori ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya dawo gida bai sake komawa ba. Makiyayan da suka saba kawo masa shanu daga Nangere da Fika suka fara tsayawa wajen wasu dillalai. Ga Babbar Salla tana matsowa, lokacin da kowane makiyayi ke zaɓar hannun da zai riƙe masa igiya. In ta wuce Joda yana gida, ya san ba za su dawo ba.

Tun a makon farko ya so a yi masa haƙoran. Babakura ya ƙi. Ya ce dasashi sai ya gama lotsawa, in an yi awo da wuri, haƙoran za su yi rawa. Joda ya jira, yana rufe baki da gefen rawani ko a sahun salla.

A asibiti aka ce zuciyar Babakura ce ta kumbura, ruwa ya taru a huhu. Aka kwantar da shi. 'Yarsa Ramlat, wadda ta gaji sana'ar tana aiki a Maiduguri, ta zo ta kwana biyu ta koma. Joda yana zuwa dubiya kullum da furar da matarsa ta dama. Bai ta da zancen awo ba, ganin robar iska a hancin mutum. Amma bai yi sakaci da amanar ba. Da hantsi ya fitar da tiren, da azahar ya juya shi, in rana ta faɗi ya shigar da shi ɗaka saboda raɓa.

Ranar da aka sallamo Babakura, bayan masu sannu sun ragu, Joda ya shigo da abu naɗe a hankici. An shimfiɗa wa maras lafiyan katifa a zaure don ya ce ɗaki ya yi masa zafi. Ƙafafunsa a kumbure suke, an ɗora su a kan filo.

"Ga ajiyarka. Ko ƙuda ban bari ya sauka a kai ba."

Babakura ya warware hankicin. Abin ya ƙanƙance, ya janye daga jikin tiren, ya tsattsage kamar busasshen ɓawon lemo. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan bakin ɗan akuya ne?"

"Nawa ne."

"Shanya shi ka yi?"

"Na shanya."

"A rana?"

"To a ina ake shanya?"

"Kana juya shi?"

"Kullum."

Babakura ya fara dariya. Dariyar ta koma tari, Ya Aisa ta fito da ruwa a moɗa tana hararar Joda, amma da ta ga abin da ke cikin hankicin ita ma ta juya baya kafaɗunta na rawa.

"Allah ya isa tsakanina da Fulani," in ji Babakura da ya samu numfashi. "An ba shi baki ya yi kilishi da shi."

"Kai ne ba ka bar wasiyya ba, ka tashi ka faɗi kamar buhun gero."

"Zauna in gaya maka, ko da yake kan Bafulatani ba ya riƙe abin da ba nono ba. Wannan abin yawancinsa ruwa ne. Ka bar shi a iska, ya tsotse. Ka tsoma shi a ruwa, ya kumbura. Ana fitar da shi daga baki, a ɗauraye, a zuba filasta a ciki nan take, filastar ce ke riƙe siffar. In dole ta kama, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, shi ma na ɗan lokaci ne. Ba ya jiran kowa."

"Abu mai wuyar sha'ani haka, me ya sa kake aiki da shi?"

"Yana da araha, ba ya wahalar da baki, kuma yana tilasta wa mutum ya tsaya a kan aikinsa." Ya miƙa wa Ya Aisa tiren. "A kankare wannan a wanke. In na ji ƙarfi mu sake."

Ƙarfin bai zo ba. Ya daina fita masallaci, yana salla a zaune. Duk da haka wata safiya ya aika a kira Joda. Ya sa an jingina shi da bango, an ɗora masa kwanon roba a cinya. Ya Aisa ta auna gari, ta ɗebo ruwan randa. Joda ya sha ganin yadda Babakura ke kwaɓi a da: kwano na juyawa a hannun hagu, wuƙar kwaɓi na murje garin a jikin kwano da sauri har sai ya yi sumul kamar man shanu. Yau hannun ya yi zagaye kaɗan ya tsaya. Ya huta, ya sake. Gari bai gama haɗuwa ba launin ya fara juyawa. Kafin ya kai ga tire, wuƙar ta kafe a ciki.

Babakura ya ɗaga wuƙar, dunƙulen ya biyo ta gaba ɗaya da siffar kwanon. A waje wata tirela ta wuce, ƙofar langa-langa ta yi ƙara.

"Ruwan ne bai yi sanyi ba," in ji Ya Aisa.

"Ruwan lafiyarsa ƙalau."

Joda ya kwance tawul daga wuyansa ya ninke. "Ba Kura, bar shi. Wallahi bar shi. Na saba da kunu. Kasuwa kuma, wanda Allah ya rubuta zai kawo mini saniya zai kawo."

"Da wane bakin za ka sayar masa?"

"Sai in je asibiti su yi mini."

"Ka je mana. Ƙwararru ne. Layinsu ya kai bayan Salla." Ya rufe ido. "Ni na sa ka jira. Je ka, zan neme ka."

Joda ya fita da niyyar ko an kira shi ba zai zo da tawul ba. Ya ci gaba da shigowa gaisuwa, yana zama a bakin katifa suna taɓa hira. In Babakura ya yi barci a tsakiyar magana, sai ya ja masa mayafi ya fita a hankali. Wata Laraba ya ji kukan shanu ana korawa ta babban titi, ya tashi ya rufe tagar ɗakinsa.

Aiken ya zo ranar wata Asabar da hantsi. Ya Aisa ce da kanta ta leƙo ta kan katanga.

"Malam Joda, wai ka zo. Ya ce ka wanke baki."

"Ya Aisa, ki hana shi."

"Shekara arba'in ban hana shi komai ba, yau zan fara?"

A gindin randa, a kan jiƙaƙƙen yashi, Joda ya ga wasu robobi biyu masu murfi da bai taɓa gani ba, ɗaya shuɗi ɗaya fari. Tun asuba Babakura ya sa aka ajiye su a nan don su yi sanyi. An wanke masa hannu da sabulu har gwiwa. Ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma an sa masa tabarau, an ɗora masa hula.

"Ba zan iya tashi ba, kai za ka sauko. Durƙusa nan. Yau Bafulatani zai durƙusa wa ubangidansa."

"Don dai kana kwance ne."

Joda ya durƙusa a kan tabarma, gwiwoyinsa na taɓa katifa. Ya Aisa ta ɓalle hatimin robobin, ta ɗebo cokali ɗaya daga kowace. Ba gari ba ne, wani abu ne kamar ƙullun alkaki. Ta miƙo safar hannu, ya girgiza kai.

"Wannan ba ya shiri da safar roba. In ta taɓa shi ba zai daskare ba."

Ya haɗa shuɗin da farin a tafin hannunsa, yana ninkewa yana dannawa da yatsu, ba gaggawa, har launin ya zama ɗaya.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Joda.

"Silikon. Ramlat ta kawo mini da Ƙaramar Salla. Buɗe."

Ya cika tiren, ya shigar da shi ta gefe, ya danna. Ya tokare gwiwar hannunsa a kan filo, ya kafa babban yatsa a gefen tiren inda ƙullun ya tumbatso. Wannan ba shi da ƙamshi, kuma ya fi aljinet daɗewa. Fuskokinsu na kusa da juna. Joda yana jin numfashin Babakura yana fita da ƙyar, da wani ƙaramin sauti a ƙirji kamar ruwa na tafasa a nesa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, Ya Aisa ta goge. Yatsan bai motsa ba.

Da ya ciro, ya matsa wani mai ruwa-ruwa daga bututu a cikin awon, ya mayar bakin, ya sake dannawa. Ya ce na farkon ya ɗauki gida, na biyun zai ɗauki kayan ɗaki. Ya huta, ya sha ruwa, aka yi na ƙasa. Sannan ya sa Ya Aisa ta gasa ɗan kakin zuma a kan risho, ya ce Joda ya ciza ya riƙe. Daga ƙarshe ya sa aka jawo kwalin haƙora, ya riƙa kara su ɗaya bayan ɗaya a jikin fiƙar Joda, yana kallo ta saman tabarau.

"Ba ni farare," in ji Joda.

"Farare a bakin da ya ci goro shekara hamsin? A kara za su ce ka ari na amarya." Ya ware guda huɗu masu ɗan duhu. "Waɗannan. Ba wanda zai san ba da su aka haife ka ba."

Joda ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya tuna karatun da aka yi masa, ya nufi gwangwanin filasta da sauri.

"Ina za ka?"

"Ka ce nan take ake zubawa."

"Wancan ne. Wannan yana jira."

"Har yaushe?"

"Har a zo." Babakura ya jingina kai da bango. "Aisa, ɗauraye su, ki bar su su bushe, ki sa a gwangwanin madara tare da kakin da haƙoran. Ki ajiye a saman kabad. Fulata kuma kada ya kusance shi."

"In ka ji ƙarfi sai ka zuba," in ji Joda.

"In Allah ya so."

Ya Aisa ta tattara kayan ta shiga ciki, ba ta dubi kowa ba.

Babakura ya rasu ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar. Joda yana zaune a ƙofar gidansa ya ji salatin Ya Aisa, ba da ƙarfi ba. Shi ya zuba ruwa liman yana wanke gawar. Hannun marigayin na dama, da ya ɗaga shi, akwai ɗan shuɗi da ya maƙale a ƙarƙashin farcen babban yatsa. Ya sa tsinke ya cire a hankali. Aka yi salla a ƙofar gida kafin magariba. Cikin waɗanda suka bi gawar akwai direbobi da mahauta da tsofaffin ma'aikatan asibiti. Wani dattijo daga Mamudo, da ba wanda ya san shi a unguwar, ya ce a kasuwa ya ji, ya nuna bakinsa ya ce aikin marigayi ne, shekara goma sha biyu ko gyara ba a taɓa yi ba.

Ramlat ta iso bayan an dawo daga maƙabarta. Joda bai yi mata zancen komai ba sai gaisuwa. A ransa ya riga ya rufe maganar haƙora tare da mai yin su.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka watse, aka aiko ana kiransa. Ya tarar da Ramlat a zaure, zaune a kujerar aikin mahaifinta, gwangwanin madara a buɗe a gabanta. An naɗe katifar an jingine.

"Baffa, yaushe aka ɗauki wannan?"

"Asabar ɗin da ta wuce. Ya lalace ko? Ni dai ban taɓa ba."

"Bai lalace ba." Ta juya awon a hannunta. "Ko mako biyu ya yi haka zai zauna. Ba ya tsotsewa, ba ya kumbura. Ana iya sa shi a mota a kai Maiduguri a zuba a can."

Ta ci gaba da murya daidai, kamar mai ba da rahoto.

"Da na kawo masa, faɗa ya yi mini. Ya ce kayan masu gudun aikinsu ne, waɗanda ke ɗaukar awo su bar wa wani ya ƙarasa. Ya ce shi muddin yana numfashi, hannun da ya ɗauki awo shi zai zuba filasta. Ko hatimin bai ɓalle ba."

Joda ya dubi robobin biyu, suna nan a gindin randa inda aka bar su.

"Ya ce da ni wannan awon yana jira," ya ce. "Na ce har yaushe, ya ce har a zo."

Ramlat ta gyara mayafinta. "To an zo. Baffa, miƙo mini gwangwanin filasta."

Ba ta tafi da aikin Maiduguri ba. Ta nemi ƙarin hutu, ta yi shi a zauren da kayan mahaifinta. Ta zuba filasta tana bubbuga tiren a gefen tebur don kumfa ta fito. Ta jera haƙoran huɗu a kan kaki, ta lanƙwasa wayoyin da za su kama turame, ta dafa a tukunya a kan risho, ta goge. Masu zuwa ta'aziyya a makare suna tarar da ita da farin gari a hannu, su yi addu'a su wuce ciki wajen Ya Aisa.

Ranar Talata da yamma ta zaunar da Joda a kujerar mai dogon baya. Ta tsoma haƙoran a ruwa, ta ɗaga leɓensa, ta danna. Suka shige da ɗan sauti, suka zauna. Ta ɗauko abin gogewa don rage inda zai taɓa dasashi, ta zagaya da yatsa, ta sake zagayawa, ta mayar da shi kan tebur.

"Ciza. Akwai inda ke danna ka?"

"Babu."

"Yi magana."

Joda ya juya kai. Ya dubi ƙofar cikin gida. "Salamu alaikum, Ya Aisa. Sannu da haƙuri."

Maganar ta fito sarai, ba fito. Ya Aisa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da carbi, ta amsa sallamar, ta dube shi sosai.

"Ka koma kamar da, Malam Joda. Har munin."

Ramlat ta miƙo masa madubi. Ya duba, ya ɓare leɓensa da yatsa yadda yake yi wa shanu. Launin ya bi na sauran, ba a gane inda nasa suka ƙare.

"Gobe Laraba," in ji Ramlat.

"Na sani."

Tana share tebur ta ɗauko awon shuɗin za ta mayar gwangwani, sai ta tsaya. Ta kai shi wajen taga.

"Baffa, zo ka gani."

A gefen tiren, inda ƙullun ya tumbatso, akwai wani ɗan lotsi. A cikinsa zanen babban yatsa ya fito, layi bayan layi, har da tsohon tabon da wuƙar kaki ta bari a tsakiya.

"Haka yake," in ji ta. "Duk abin da ya taɓa shi sai ya ɗauka."

Ta ajiye shi a kan taga, ta shiga ciki.

Washegari Joda ya fito da sandarsa da igiya a kafaɗa, rawaninsa naɗe a ka, haɓarsa a buɗe. Ana jin kukan shanu daga babban titi. Zauren Babakura a buɗe yake, Ramlat na shara, Ya Aisa ta riga ta cika randa. Ya yi sallama ya leƙa. Hasken safiya ya shigo ta taga ya sauka a kan awon.

Ya jingine sandar, ya shiga, ya ɗauke shi da hannu biyu.

"Wannan ba ya jin rana, Baffa," in ji Ramlat.

"Na ji."

Ya kai shi saman kabad, can ciki inda inuwa take, ya gyara masa zama. Sannan ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar kara.